Sawu a Ƙarƙashin Kamarorin Layin Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku. To ku amsa mana, ko don a takarda ne? Yawwa, ta zo mu ji ta. Ku gyara zama, don wannan a layinmu aka yi ta, Layin Kuka da ke Gwallaga, ina tsaye da ƙafafuna biyu, ni Goggo Azumi.

A shekarar da aka kawo mana tsaro ne. Haka suka kira abin. Wani ofishin gwamnati ya ba wani kamfani kwangila, Garkuwar Jama'a sunansa, sai ga su da ƙyauren ƙarfe a bakin layi da ƙarshensa, da kwantena da suka mayar ofis, da kamarori goma sha biyu a kan turaku, duk a jere ta gefen gabas. Kowace kamara da ɗan jan idonta yana kyaftawa. Ba wanda ya tambaye mu ko muna so. Za ka shiga gidan ubanka, sai ka nuna kati. Baƙo sai ya dangwala yatsa. Na taɓa gani da idona maigadi ya tsoma cokali a ƙwaryar nono yana juyawa, wai harsashi yake nema.

Mu kuwa sai muka ƙaurace wa gefen gabas. Babba da yaro, kowa ya koma bin gefen yamma ta bakin kwata, mata suna jan mayafi. Ba mu san wa ke kallonmu ba, ba mu san inda hoton ke zuwa ba. Gara warin kwata.

Wata Laraba da damina, ruwa ya ɗauke daf da kiran salla. Gari na wayewa sai ihu ya tashi. An ɓalle kwaɗon kwantena, an ɗauke akwatin da ke ajiye hotunan kamarorin. A bakin ƙofa ga sandar makiyayi a yashe, mai zoben jan ƙarfe a kai. Kowa a layin ya san sandar. Ta Hammajoda ce, Bafulatanin Gubi da ke rako matarsa Habibatu tallan nono kowace safiya. Shi ne ma ya taɓa ƙin dangwala yatsa, ya ce shi ba ɓarawo ba ne.

Ƙarfe bakwai suna isowa ƙyaure aka yi masa caa, aka jefa shi cikin kwantenar aka rufe. Manajan kamfanin, Mansir, mai tumbi da tabarau ko rana ba ta fito ba, ya ce jami'in ofis zai zo bayan azahar da mota a tafi da shi. Ku da kuke yara ba ku sani ba. Wanda aka ɗora a irin wannan mota da sunan ya ɓarnata kayan tsaro, ga shi makiyayi, to iyalinsa sai dai su riƙa jin labari.

Habibatu ta faɗo mini zaure, ƙwarya a kai ko saukewa ba ta yi ba.

"Goggo, wallahi sandar nan sati uku ke nan tana hannunsu. A ƙyaure suka ƙwace, suka ce makami ne."

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa. Suka ce in kawo takarda."

Na ɗauki mayafina na tare keke. Mutum ɗaya na sani da zai iya, Baffa Yero, tsohon mai bin sawu. A zamaninsa in aka kore shanu daga Gubi, shi ake sawa gaba, ya bi su har dajin Ningi ya dawo da su. Yanzu ya tsufa, yana tufka igiya a ƙofar gidansa. Na gaya masa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Ƙasa na da danshi. Mu je kafin rana ta ci ta."

*

Mun tarar da layi ya cika. Alhaji Ɗanlarai, shugaban kwamitin layi, wanda tun da aka ba shi hular kamfani kyauta bai sake ganin laifinsu ba, yana ta bayani.

"Ai dama na faɗa. Mutanen dajin nan ba a yarda da su."

Mata suna ta gyaɗa kai, har da waɗanda jiya suka sha nonon Habibatu. Mutane ke nan.

Yero ya yi sallama. Mansir ya dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Baba, wa ya kira ka? Wannan aikin zamani ne. Muna da na'urori."

"Na ji an ce na'urar ce aka sace, Yallaɓai."

Aka yi 'yar dariya. Mansir ya haɗe rai.

"Akwatin nan nauyin buhun siminti gare shi. Sai ƙato irin wancan. Ga sandarsa, me kuma ake nema?"

"Ba komai. Ƙasa kawai zan gaisar."

Bakin kwantena an tattake shi kamar kasuwar awaki. Yero bai ɓata lokaci a nan ba. Ya tsallaka gefen gabas, ƙarƙashin turakun, inda ba mai bi. Sai ya tsaya. Ga sawu nan kwance a laka, zuwa da komawa, ba wanda ya taka shi. Takalmin roba ne irin na makiyaya. Ya tsuguna ya daɗe. Ya karɓi ƙananan ƙore biyu daga wajen Habibatu, ya kife ɗaya a kan wani sawu a nan, ɗayan kuma ya je ya kife can kusa da inda motar Mansir ke tsaye. Ya ce wa Habibatu ta zauna a tsakani, kowa ya taɓa ta yi ihu.

"Takalmin Fulani ne ko?" in ji Ɗanlarai.

"Takalmin ne," in ji Yero.

*

Farkon wanda muka je wa Zakka ne, mai walda. Shi da bakinsa ya taɓa rantsuwa a gaban mutane sai ya farfasa kamarar da ke leƙa bayan gidansa. Muka same shi yana ta feshin wuta a ƙarfe. Ya ɗage gilashin fuska.

"Baba, na san me ya kawo ku. E, na faɗa. Matata ba ta iya wanka sai ta rataya bargo a igiya. Kai za ka yarda?"

"Ina kake da ruwa ya ɗauke?"

"Ina kwance ina jin daɗin sanyi. Kuma Baba, ka dubi kwaɗon nan? Da guduma aka dake shi kamar ana fasa ƙwallon goriba. Ni ne zan yi wannan aikin ƙazanta? Minti ɗaya ya ishe ni, ko ƙara ba za a ji ba. Kada a ɓata mini suna."

Yero ya dubi ƙafafunsa, manya kamar faranti, ya yi murmushi.

"Kana da tsani?"

"Akwai."

"Ka fito da shi bayan azahar."

A hanya na ce, "Baffa, biri fa ya yi kama da mutum."

"Mai shelar zai yi, da wuya ya yi. Kuma ƙafarsa ba za ta shiga takalmin nan ba ko da man shanu."

*

Andrawus ne maigadin da ke bakin aiki a daren. Mun same shi a bayan kwantena, ɗan siriri, hular ta fi kansa girma.

"Ɗana, ina ka je?"

"Baba, kwantenan yana yoyo. Na gudu rumfar mai shayi na fake. Da na dawo ƙofa a buɗe. Don Allah kada ka faɗa wa Oga na zauna."

"Zama laifi ne?"

Ya nuna kamara da haɓa, bai yarda ya kalle ta ba.

"Oga ya ce yana ganinmu a wayarsa ko yana Abuja. Ko goro ba ma ci a ƙarƙashinta. Ko ƙaiƙayi ya kama ni, sai na zagaya baya nake sosawa."

"Dukanku haka?"

"Dukanmu."

"Sandunan da kuke ƙwacewa fa, ina ake kai su?"

Andrawus ya rage murya.

"But ɗin motar Oga."

Daga cikin kwantenar muka ji tari. Yero ya matsa jikin ƙarfen, wajen 'yar tagar iska, ya yi gaisuwa da Fillanci.

"Hammajoda, jam na?"

"Jam, Baffa. Zafi ne kawai." Sannan ya ce, "Maruƙana suna ɗaure tun safe. A aika a kwance su."

Kun ji. Ana shirin ɓatar da shi, shi maraƙi yake tunani.

*

Daga nan Yero ya koma kan sawun, ina biye. Ya bi ƙarƙashin turaku ɗaya bayan ɗaya, a miƙe kamar zare. Da muka zo inda layi ya tsuke, daf da kemis ɗin Madam Comfort, sai sawun ya karya kwana. Ya faɗa wani ɗan lungu mai tara shara da ruwan wanke-wanke, ya zagaya ta bayan shagon, ya sake fitowa gaba. Zuwa haka, komawa haka.

Comfort ta leƙo, tana goge hannu.

"Mama Azumi, lafiya? Baba, sannu. Kai ne mai duba ƙasa?"

Yero ya nuna wata 'yar baƙar aba a saman ƙofarta.

"Wancan fa, Madam?"

"Kamara na ne. Ni na saya da kaina, tun da aka ɗauke mini janareto. Ba ruwansa da na kamfani."

"Tana gani?"

"Sosai. Na duba da safe. Masu zuwa masallaci ne kawai, da akuyan Mama Azumi."

"Mutane ba sa gudunta?"

"Su guje mini don me? Ni na yi musu allura tun suna tsirara. Yara har gwalo suke masa. Mutum ɗaya ne ya taɓa damuwa da shi, Oga Mansir. Sau biyu ya zo wai in cire, wai ba ni da izini. Na ce ya kawo takarda."

Yero ya ce, "Madalla."

Sawun ya kai mu bakin kwalta, inda ya ɓace kusa da shatin tayar mota. Amma kafin nan ya ɗan ratse zuwa kwalbati. Yero ya kwanta rub da ciki, tsoho da shi, ya zura hannu ya jawo wani baƙin akwati. Ya miƙo mini. Na tattara ƙarfina zan karɓa, sai na kusa faɗuwa ta baya. Na ce, "La ilaha!" Ya ce in rufa shi da mayafi in yi shiru. Yin shirun ne ya fi ba ni wuya.

*

Bayan azahar mota ta zo, mai baƙin gilashi. Jami'in ya fito da babbar riga da fayil a hammata, yana toshe hanci da hankici. Aka fito da Hammajoda, rigarsa sharkaf da gumi, hannu a ɗaure. Habibatu ta miƙe, na riƙe ta.

Yero ya tsaya a gaban motar.

"Ranka ya daɗe, minti goma nake roƙo, a gindin kukar nan."

"Kai wane ne? Wace hukuma ta turo ka?"

"Tsufa ne ya turo ni."

Jami'in ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ga samarin layi sun ɗaga wayoyi sama, sun fi talatin. Su da suka saba ɗaukar mutane, yau ga shi ana ɗaukarsu. Ya gyara murya ya ce minti biyar.

Aka taru. Zakka da tsaninsa, Comfort, Andrawus, Ɗanlarai da hularsa, Mansir yana duba agogo. Yero ya ɗauki sandar, ya ce a kwance hannun Hammajoda. Ya miƙa masa.

"Je ka jikin bango ka dawo."

Hammajoda ya karɓa. Bai ko yi tunani ba ya gicciya ta a bayan wuya, ya rataya hannuwansa biyu a kai, ya tafi ya dawo.

"Kun gani? Haka makiyayi ke tafiya tun yana ɗan shekara biyar. Ku je ku duba sawun can. Wanda ya kawo sandar nan dogara ta ya yi, taku ɗaya rami ɗaya, kamar ango zai shiga biki. Takalmin kuma sabo ne dal, ko ƙaya bai taɓa takawa ba."

"Wannan ba hujja ba ce," in ji Mansir. "Zai iya yin haka don ya ɓad da kama."

"Gaskiyarka, Yallaɓai. Ajiye wannan. Jama'a, ina tambaya. A cikinku wa ke bin gefen gabas?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Alhaji Ɗanlarai, kai da ka ce alheri aka kawo muku?"

Ɗanlarai ya sosa ƙeya. Wata mata ta ce, "Shi ya fi kowa manne wa kwata!" Aka kwashe da dariya.

"Ku da ba ku ɗauki komai ba kuna gudun kamarorin nan. Masu gadi ma tsoronsu suke ji. To ga ɓarawo, da kayan sata a hannu, ya bi ƙarƙashin goma sha biyu, bai kauce wa ko ɗaya ba, takunsa bai ko canza ba. Da ya zo wajen 'yar ƙaramar ta Madam, wadda yara ke yi wa gwalo, sai ya gwammace ya shiga shara har idon sawu. Ni ban yi boko ba. Ku gaya mini, wane irin mutum ne ba ya tsoron goma sha biyu, yake tsoron ɗaya?"

Comfort ta dafa ƙirji.

"Wanda ya san sha biyun ba sa gani!"

"Zakka, hau," in ji Yero.

"Kada ka taɓa kayan gwamnati!" Mansir ya daka tsawa. Mai kaza a aljihu dama ba ya jimirin as.

Zakka ya riga ya kai sama. Ya murɗe kamarar da hannu ɗaya, ya sauko, ya ɓare ta a gaban jami'in. Roba ce fanko. Ɗan batir ɗaya da ke kunna jan idon, sai wayar da ba ta kai kamu ɗaya ba, sai gidan zanzaro. Zakka ya daɗe yana kallon cikinta.

"Wata takwas," ya ce. "Wata takwas matata tana rataya bargo saboda zanzaro."

Yero ya yafito ni. Na yaye mayafi na ɗaga akwatin da yatsu biyu, ni da ko tulu ba na iya ɗauka yanzu. Na ce, "Ga buhun simintin." Aka buɗe. Ko ƙusa babu a ciki.

"Ranka ya daɗe," Yero ya ce wa jami'in, "an ce gobe Alhamis za ku zo a kunna muku hotuna ku gani?"

Jami'in ya kau da kai. Ya dubi fayil ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa.

"To in an sace akwati, ba a kunna komai. In kuma Bafulatani ne ya sata, ba mai tambaya ta biyu."

"Wani ne a cikin yarana!" in ji Mansir. Ya nuna Andrawus. "Wannan ne, shi ke gadi!"

Andrawus ya cire hular ya jefar a laka.

"Oga, ni da nake zagayawa baya in yi susa?"

Yero ya je ya ɗage ƙwaryar farko, ya ɗage ta biyu, ya ce kowa ya zo ya gani, a hankali, kada a taka. Ɗaya takalmin roba, ɗaya takalmin ofis mai tsini. A duka biyun ƙafar hagu ta karkace waje, bakin yatsu ya ja ƙasa kafin ya tashi.

"Na biyun na Yallaɓai ne, wanda ya taka a bakin motarsa da safe, a gaban idona. Mutum na iya sauya takalmi, amma tafiyarsa da ita aka haife shi. In na yi ƙarya, ya taka daga nan zuwa motarsa mu gani."

Mansir ya tsaya. Ya dubi motar, taku goma ne kacal. Duk layin ya zuba wa ƙafarsa ta hagu ido. Wallahi na ga gumi yana bin bayan kunnensa. Ya ɗaga ƙafar ya mayar. Ƙato guda, mai kamfani, ya kasa tafiya. Ƙarshe sai ya zauna a kan tushen kuka ya ce hawan jininsa ne ya tashi.

Jami'in ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "A saki mutumin nan. Za a kafa kwamiti."

Ba wanda ya ce wa Hammajoda yi haƙuri. Ɗanlarai ya matso yana washe baki.

"Ai dama ni na san ba za ka aikata ba."

Hammajoda ya dube shi, ya dubi matan da ke gyaɗa kai da safe, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna ya gaida Yero, ya gaishe ni. Habibatu ta ɗauki ƙwaryarta, nonon ya riga ya lalace, ta juye shi a kwata. Suka fita ta ƙyaure, ba wanda ya nemi kati.

To ga yadda kowa ya ƙare. Mansir bai kwana ko ɗaya a rufe ba. Kamfanin ya sauya suna, na ji an ba su wata unguwar a wani gari. Kwamitin bai taɓa zama ba, jami'in kuwa an ƙara masa girma. Andrawus aka kora, yanzu keke yake ja, in ya gan ni ba ya karɓar kuɗina. Zakka ya sauke sauran goma sha ɗayan, ya yanka ƙyauren ya yi wa makarantar layi tagogi. Comfort tana nan da kemis ɗinta. Ɗanlarai ya sake cin zaɓen kwamiti, don ba wanda ya tsaya. Baffa Yero ya rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Hammajoda da Habibatu kuwa, kafin damina ta fita suka tashi da shanunsu zuwa wajen Darazo. Suna nan lafiya, an ce 'ya'yansu shida yanzu. Ba su sake taka Layin Kuka ba.